Sir Harold Gillies, Likitan Da Ya Mayar Wa Sojoji Fuskokinsu

An haifi Harold Gillies a garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan a shekarar 1882. Ya yi karatun likita a Kambirij da Landan, ya ƙware a kan ciwon kunne da hanci da maƙogwaro.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, sai ya shiga aikin likitan soja, aka tura shi Faransa a 1915. A can ya ga samarin da harsashi ya ɗebe wa haɓa ko hanci. Abin da aka saba yi a lokacin shi ne a jawo bakin rauni a ɗinke, mutum ya warke da fuskar da ba ya iya fita da ita cikin jama'a.

Gillies bai gamsu da haka ba. A ganinsa, duk abin da ya salwanta a maye shi da irinsa, watau fata da fata, ƙashi da ƙashi. Bisa roƙonsa aka buɗe asibitin gyaran fuska a Sidcup, kusa da Landan, a 1917, inda aka yi tiyata fiye da 11,000 ga mutum fiye da 5,000.

Babbar dabararsa ita ce ya yanko fata daga ƙirji ba tare da ya tsinke ta ba, ya naɗe ta kamar bututu, ya dasa bakinta a fuska. Ta haka jini ke ci gaba da ciyar da ita, ba ta ruɓewa, har ta kama, sa'an nan a yanke tushen. Ya rasu a 1960.

Aikinsa bai tsaya ga sojoji ba. Cutar nan da likitoci ke kira Noma tana cinye leɓe da kumatun yara masu fama da tamowa cikin 'yan makonni. A 1999 aka buɗe asibitinta a birnin Sakkwato, inda ake gyara fuskokin yara da fatar jikinsu, bisa tushen da su Gillies suka kafa. Saboda haka mahaifin da ke Tambuwal ko Kebbe ba ya bukatar ƙetare teku, balle ya ɓoye ɗansa a ɗaki. Amma in aka kai yaro asibiti tun dasashi na kumbura, magani kan tsayar da cutar kafin a kai ga wuƙa.