Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da ke bayan takardar Naira 20

An haifi Ladi Kwali wajajen 1925 a garin Kwali, ƙasar Gwari, a Najeriya. Ba ta yi boko ba. Wurin gwaggonta ta koyi ginin tukwane da hannu, tana yi musu zanen kada, kunama da kifi. Tulunanta da ke fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne suka ja hankalin Baturen Ingila Michael Cardew, kuma a 1954 ta zama mace ta farko a makarantarsa ta tukwane da ke Abuja, wato Sulejar yau. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984. Duk ɗan Maraɗin da ya taɓa canjin Naira ya riƙe hotonta a hannunsa.