R.D. Burman: Makaɗin finafinan Indiya da aka haddace karin waƙoƙinsa a ƙasar Hausa ba a san sunansa ba

Daga Gidan Katta zuwa cikin garin Illela, har a tsallaka iyaka a shiga Birnin Ƙonni, da wuya a rasa dattijon da zai iya rera waƙar nan ta abokai biyu a kan babur a fim ɗin Sholay. Ba ya jin Indiyanci, kalmomin ma ya lanƙwasa su yadda harshensa ya ga dama, amma karin yana nan daram. Idan aka tambaye shi ta wace ce, zai ce ta Dharmendra ce da Amitabh. Alhali waɗannan jarumai baki kawai suka motsa. Wanda ya ƙirƙiri karin, ya kuma tsara kiɗan, shi ne Rahul Dev Burman, wanda aka fi sani da R.D. Burman.

Wannan mutum ya yi wa finafinai sama da 300 kiɗa. Duk da haka, har ya koma ga Mahaliccinsa ana gardama a kansa a Indiya: shin gwanin karin waƙa ne, ko kuwa mai tara hayaniyar kayan kiɗa da aron sautin Turawa?

Ɗa na gada

An haifi Burman a birnin Kalkata ranar 27 ga watan Yunin 1939. Mahaifinsa, Sachin Dev Burman, jinin sarautar Tripura ne kuma yana cikin manyan masu tsara kiɗan fim na zamaninsa. Mahaifiyarsa Meera tana rubuta waƙa. Tun yana yaro aka laƙaba masa Pancham, wato sauti na biyar a jerin sautukan kiɗan Indiya, kuma da wannan laƙabi abokan sana'arsa suka riƙa kiran sa har ƙarshen rayuwarsa.

Ya koyi kaɗa sarod, wani nau'in molon Indiya, a hannun Ustad Ali Akbar Khan, ya koyi ganguna biyu na tabla a wurin Samta Prasad. Daga nan ya koma Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai, ya zama yaron mahaifinsa a ɗakin ɗaukar sauti. Bai cika shekara 20 ba mahaifin ya sanya wani kari da yaron ya ƙirƙira a fim ɗin Funtoosh na 1956.

A masana'antar fim ta Indiya aikin waƙa kashi uku ne. Akwai mai rubuta baitoci, akwai mai ƙirƙirar kari da kiɗa, akwai mai rerawa. Jarumi shi ne na ƙarshe, yana bin muryar wani a gaban kyamara. Burman na tsakiya ne, wanda mai kallo ba ya ganin fuskarsa, shi ya sa masu kallo a nan suka san aikinsa ba su san shi ba.

Fim na farko da ya yi wa kiɗa shi kaɗai shi ne Chhote Nawab na 1961, na ɗan wasan barkwanci Mehmood. Bayan haka sai kasuwa ta yi masa shiru na 'yan shekaru, domin furodusoshi uban suke nema, ba ɗan ba. A 1966 Nasir Hussain ya ba shi Teesri Manzil, inda Shammi Kapoor ya fito jarumi. Waƙoƙin fim ɗin sun zo da zafin ganguna da jita da ƙahonin busa irin na Turawa, matasa suka yi caa a kansu. Daga nan tauraronsa ya haska.

Shekarun da ya riƙe kasuwa

Tsakanin 1970 da 1980 kusan babu shekarar da ba a ji sabon abu daga gare shi ba. Shi ya yi kiɗan Caravan da Hare Rama Hare Krishna a 1971, Amar Prem da Seeta Aur Geeta a 1972, Yaadon Ki Baaraat a 1973, sai Deewaar da Aandhi da Sholay a 1975, shekarar da mahaifinsa ya rasu. Ya yi aiki da manyan muryoyin lokacin: Kishore Kumar, Lata Mangeshkar, Mohammed Rafi da Asha Bhosle, wadda daga baya ya aura bayan rabuwarsa da matarsa ta farko, Rita Patel, a 1971.

Waɗannan shekaru sun yi daidai da lokacin da finafinan Indiya suka mamaye gidajen sinima a Arewa. 'Yan kasuwa Kwarori ne suka fara shigo da su tun shekarun 1950, aka riƙa nuna su a sinimomi irin su Rex da Palace da El Dorado a Kano, daga baya gidajen talabijin suka ɗauka, sannan kaset ya kai su ƙauyukan da ba su taɓa ganin majigi ba. Masu kallo har suna suka raɗa wa jarumai, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi.

Zargin hayaniya da aron kari

Masu sukar Burman suna da hujjoji biyu. Ta farko, sun ce ya fi damuwa da sauti fiye da waƙa. Gaskiya ne yana son gwaje-gwaje. Ya buɗe wata fitacciyar waƙa ta Yaadon Ki Baaraat da ƙarar cokali a jikin kofin gilashi. A waƙar rawar sansanin 'yan fashi ta Sholay, wadda shi da kansa ya rera da murya mai kauri, ya sa an busa bakin kwalba. Ya yi amfani da mataji da takardar goge katako, duk don neman sautin da kunne bai saba da shi ba. Ga dattawan da suka tashi da kiɗan Naushad da na mahaifinsa, wannan wasan yara ne.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, domin akwai waƙoƙin da ya aro karinsu daga waje. Waccan waƙa ta sansanin 'yan fashi an gina ta ne a kan wata waƙa ta Demis Roussos, mawaƙin Girka, wanda shi ma ya samo ta daga waƙar gargajiya ta tsibirin Saifurus. A Hum Kisise Kum Naheen na 1977 akwai wani yanki da kowa ya ji ya san daga ƙungiyar ABBA ta Suwidin aka ɗauko shi. Ba a rubuta sunayen masu asalin karin a cikin finafinan ba, kuma wannan laifi ne da babu amfanin ɓoye shi.

Sai dai idan aro ne kaɗai jarinsa, ba zai iya yin Amar Prem ba. Waƙoƙin wannan fim masu sanyi ne, an ɗora su a kan tsarin kiɗan gargajiyar Indiya da ake kira raga, babu hayaniya ko kaɗan. Haka na Aandhi, haka na Kinara na 1977. Wanda ya yi kiɗan gidan rawa shi ne ya yi waɗannan, a tsakanin shekaru ƙalilan.

Mene ne ya sa karinsa ke zama a kai?

Wanda ya saurari waƙoƙinsa da natsuwa zai lura da wasu abubuwa. Yakan fara da guntun kari, gajere ƙwarai, wanda yaro ma zai iya kamawa a ji ɗaya. Sai ya maimaita shi, ya ɗan ɗaga shi sama, ya dawo da shi inda ya taso. Yakan sa wata alama a farkon waƙa, ko busa ko ƙarar gilashi, ta yadda kafin mawaƙi ya buɗe baki an gane wace ce. Mutanen ƙasar Sakkwato sun san irin wannan, domin da zarar kotso ya tashi ma'abocin waƙar Narambaɗa ya san wadda za a yi. Sannan yakan ɗinka kari daidai da maƙogwaron wanda zai rera shi. Abin da zai ba Kishore daban, abin da zai ba Asha daban.

Fim ɗin Yaadon Ki Baaraat gwaji ne mai kyau. Labarin 'yan'uwa uku ne da suka rabu tun suna yara bayan an kashe iyayensu, kuma abin da ya haɗa su bayan sun girma shi ne waƙar da mahaifiyarsu ta koya musu. Idan karin ba mai zama a zuciya ba ne, labarin gaba ɗaya ya rushe, domin dole mai kallo ya gane waƙar a daidai lokacin da 'yan'uwan suka gane ta. Masu kallo sun gane ta, har waɗanda ba su san ma'anar kalma ɗaya a cikinta ba.

A nan ne shaidar Bahaushe take da ƙarfi. Ba'indiye zai iya son waƙa saboda daɗin baitocinta. Mai sauraro a Illela ba shi da wannan, abin da ya iso kunnensa kari ne zalla. Idan ya riƙe shi shekara 40 ko 50, ba a buƙatar wani alƙali.

Shi kuwa aron kari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aliyu Namangi na Zariya ya ɗora Imfiraji a kan karin kiɗan caji. Abdu Yaron Goge ya juya wata waƙa ta fim ɗin Rani Rupmati zuwa Hausa. A Kano an yi ƙungiyar 'yan mandiri mai suna Ushaƙu Indiya da ke ɗora begen Annabi (SAW) a kan karin waƙoƙin fim, kamar yadda masu bincike irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin suka rubuta. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, mawaƙan finafinan Hausa ma sun sha wannan zargi na kwafar Indiya. Abin dubawa kullum shi ne me mai aron ya ƙara, kuma me zai iya yi idan ba a ba shi aro ba.

Lokacin da aka juya masa baya

Duk da yawan waƙoƙinsa da suka yi tashe, Burman bai karɓi kyautar Filmfare ta gwarzon mai kiɗa ba sai da Sanam Teri Kasam na 1982, sannan Masoom na 1983. Abin mamaki, a daidai nan ne kasuwarsa ta fara ja da baya. Kiɗan disko irin na Bappi Lahiri, wanda ya yi Disco Dancer, ya karɓe fage. Finafinai da dama da Burman ya yi wa kiɗa suka faɗi a kasuwa, furodusoshi suka fara gudun sa.

A cikin wannan hali ne ya yi Ijaazat na 1987, inda marubuci Gulzar ya kawo masa baitoci marasa amsa-amo, masu kama da wasiƙa. Burman ya yi masa ba'a cewa saura ya kawo masa kanun jarida ya ce a yi musu kiɗa, amma ya zauna ya samar musu kari. Waƙar ta jawo wa Asha Bhosle da Gulzar lambar yabo ta ƙasa. Shi da ya ƙirƙiri karin bai samu ba.

A 1988 kamfanin Nasir Hussain, wanda suka yi shekara 20 tare, ya ba wasu matasa, Anand da Milind, kiɗan Qayamat Se Qayamat Tak. Subhash Ghai ma ya miƙa Ram Lakhan ga Laxmikant da Pyarelal bayan an sa ran Burman ne zai yi. A shekarar ce ciwon zuciya ya kama shi, daga bisani aka yi masa tiyata a Landan.

Aikin ƙarshe

Darakta Vidhu Vinod Chopra, wanda suka yi Parinda tare a 1989, shi ne ya tsaya a kan sai Burman ya yi masa kiɗan 1942: A Love Story. A wannan karon babu disko, babu kwalba. Kari ne mai taushi a kan baitocin Javed Akhtar, da muryoyin Kumar Sanu da Kavita Krishnamurthy.

Bai ga fitowar fim ɗin ba. Ya rasu a Bombay ranar 4 ga watan Janairun 1994 yana da shekara 54. Watanni kaɗan bayan haka waƙoƙin suka karaɗe Indiya, kuma a 1995 aka ba shi Filmfare ta uku yana kabari. A shekarar ce aka ƙirƙiro wata kyauta da sunansa domin sababbin masu kiɗa, wanda ya fara karɓar ta shi ne A.R. Rahman.

Tun daga lokacin matasa ke ta sabunta waƙoƙinsa da kayan kiɗan zamani. A 2005 ƙungiyar masu goge ta Kronos Quartet ta Amurka ta fitar da faifai guda na waƙoƙinsa tare da Asha Bhosle, har aka sa shi cikin jerin masu neman kyautar Grammy. An sauya kayan kiɗan, an sauya zamani, an sauya masu sauraro, karin bai canza ba.