Birgediya Zakariya Maimalari, Sojan Da Ya Kwanta Dama A Ikko

Kowace shekara ran 15 ga watan Janairu akan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya a duk faɗin Nijeriya. Da can ran 11 ga Nuwamba ake yi, irin na Ingila, daga baya aka mai da shi ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Amma ga 'yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Obalende, ranar tana da wani abin tunawa kuma, gama a irinta ce a 1966 aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari a nan Ikko.

An haife shi a 1930 a ƙauyen Maimalari, cikin Lardin Barno na da, wanda yanzu ke Jihar Yobe. Ya yi karatu a kwalejin da aka sani da Barewa. A zamanin nan ba kowane ɗan boko ke son kaki ba, an fi sha'awar aikin malanta ko na En'e. Shi kuwa ya zaɓi soja. Aka tura shi makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, ya fito a 1953 tare da Lawan Umar. Su biyun nan su ne 'yan Nijeriya na farko da suka gama wannan makaranta.

Bayan samun mulkin kai ya yi aiki a Kwango cikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya yi ta hawa har ya zama Birgediya, aka danƙa masa Birged ta Biyu mai hedkwata a Apapa. An san shi da tsare doka, ba ya ɗaukar sakaci wajen aiki.

Daren Juma'a 14 ga Janairu 1966 ya tara hafsoshi liyafa a gidansa na Ikoyi, ashe cikin baƙin har da masu shirin juyin mulki. Can cikin dare sojoji suka auka wa gidan, ya sulale ta baya ya tsira. Yana kan hanya sai ya hangi motar Manjo Emmanuel Ifeajuna, babban hafsan ofishinsa, ya tsai da ita yana zaton taimako ya zo. Nan Ifeajuna ya harbe shi.

Ba shi kaɗai ba ne. An kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardaunan Sakkwato da Cif Akintola. Cikin hafsoshi akwai Kur Muhammadu da Abogo Largema da James Pam, akwai Samuel Ademulegun da Ralph Shodeinde, Yarabawa, da Arthur Unegbe, Ibo. Jinin daren nan shi ya jawo ramuwar watan Yuli, ita kuma ta share wa yaƙin basasa hanya. Shekara huɗu cur bayan rasuwarsa, a Barikin Dodan da ke kusa da gidan nasa, Philip Effiong ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon.

Babban barikin soja na Maiduguri yana ɗauke da sunansa har yau, ɗansa Abubakar kuma ya riƙe Jihar Jigawa daga 1998 zuwa 1999.

Duk mai neman abinci a ƙasar da ba a nan aka yanke cibiyarsa ba ya san in fitina ta tashi baƙo ta kan fara ci. Saboda haka in ranar ta zagayo, a yi wa Maimalari da sauran mazan jiya addu'a, a taimaki tsofaffin sojojin da ke unguwa, a kuma riƙe maƙwabci da amana ko daga ina ya fito.

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, amin.