Aleksei Chichibabin: Masanin sinadaran da aikinsa ya taimaka wajen yaƙar sanƙarau, amma ya rasu ba shi da ƙasa

Da zarar hunturu ya ja baya zafi ya kunno kai, iyaye a unguwar Gamkalle ta birnin Yamai, kamar na Maraɗi da Katsina da Sakkwato, kan shiga fargabar sanƙarau. Ɗaya daga cikin magungunan farko da suka rage kisan da cutar ke yi a Afirka yana da alaƙa da binciken wani masani daga daular Rasha, Aleksei Chichibabin, wanda gwamnatin Sobiyat ta ƙwace masa shaidar zama ɗan ƙasa.

An haife shi a watan Maris na 1871 a ƙauyen Kuzemin, wanda yanzu ke cikin Yukren. Ya taso cikin rashi, har sai da ya riƙa koyar da yara yana samun na kashewa. Ya shiga Jami'ar Mosko a 1888, ya kammala a 1892, kuma cikin malamansa akwai fitaccen masani Vladimir Markovnikov. Daga 1909 ya zama farfesa a Babbar Makarantar Fasaha ta Mosko, inda ya shafe kimanin shekara 20.

Sinadarin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne piridin, wani ruwa mai wari da ake samu daga kwaltar gawayin ƙasa. Ƙirarsa kamar zobe ce mai ƙwayoyin zarra shida: biyar na kabon, ɗaya ta naitirojin. Irin wannan zoben yana cikin nikotin na taba da sinadarin bitamin B3.

Matsalar da masana suka daɗe suna fama da ita ita ce taurin kan piridin. A zoben benzin, wanda duk kabon ne, ba wuya a cire haidirojin a maye gurbinsa da wani abu, domin zoben cike yake da ilektiron, sinadaran da ke ƙishin ilektiron kuma suna rububinsa. A piridin kuwa, naitirojin na janye ilektiron zuwa wajensa, sai zoben ya talauce, masu ƙishin su rasa abin kamawa.

Chichibabin ya bi ta ɗaya ƙofar. Tunda zoben ne ke cikin buƙata, sai ya kawo masa sinadari mai rarar ilektiron. A 1914, tare da abokin aikinsa O. A. Zeide, ya dafa piridin da sodiyom amaid a zafin da ya haura digiri 100. Rukunin amino ya kama kabon ɗin da ke maƙwabtaka da naitirojin, haidirojin ya fice a matsayin iska, aka sami sinadarin 2-aminopiridin. Har yau ɗaliban kimiyyar sinadarai, daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai zuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suna sanin wannan hanya da sunansa.

A shekarar ce Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, magungunan da Rasha ke saye daga Jamus suka yanke. Chichibabin ya jagoranci aikin haɗa su a cikin gida, ciki har da mofin da kodin da ake buƙata don sojojin da suka ji rauni. Bayan juyin juya hali ya ci gaba da aiki. Ya rubuta littafin koyar da sinadarai da aka daɗe ana amfani da shi, ya sami lambar yabo ta Lenin a 1926, ya kuma zama cikakken mamba a Cibiyar Kimiyya ta Tarayyar Sobiyat a 1929.

Shekarar 1930 ce ta sauya masa rayuwa. 'Yarsa tilo, Natalia, wadda ita ma ɗalibar sinadarai ce, ta rasu bayan wani ruwan asid mai tsananin ƙarfi ya ƙone ta a wata masana'anta da ke Mosko. Shi da matarsa Vera suka tafi Paris, bai sake komawa ba. Ya ci gaba da bincike a Collège de France. Gwamnatin Stalin ta nemi ya dawo, ya ƙi. A ƙarshen 1936 aka kore shi daga Cibiyar Kimiyya tare da Vladimir Ipatieff, a 1937 kuma aka soke masa zama ɗan ƙasa.

A 1937 ɗin ne masana a kamfanin May & Baker na Ingila suka haɗa 2-aminopiridin da wani sinadarin dangin salfa, suka samar da salfapiridin, ƙwayar da ta yi suna da M&B 693. Ta yi tasiri kan ciwon haƙarƙari da sanƙarau. An gwada ta a annobar sanƙarau a Sudan a 1939, mace-mace suka ragu sosai. Daga baya magungunan dangin salfa suka zama abin dogaro a Arewacin Najeriya da Nijar, har zuwa lokacin da ƙwayoyin cutar suka fara bijire musu. Maganin ciwon gaɓoɓi na piroxicam, da ake samu a kantunan magani yanzu, shi ma da 2-aminopiridin ake haɗa shi.

Chichibabin ya rasu a Paris ranar 15 ga Agustan 1945 yana da shekara 74. Sai a 1990, shekara 45 bayan mutuwarsa, Cibiyar Kimiyya ta Sobiyat ta soke korar da ta yi masa, ta mayar da sunansa cikin jerin mambobinta.