Shibusawa Eiichi: Ɗan manomin da ya sama wa 'yan kasuwar Japan bakin magana a gaban hukuma

Duk wanda ya riƙe sabuwar takardar kuɗin Japan ta yen 10,000, wadda ta fara yawo a watan Yulin 2024, zai ga hoton wani dattijo a kanta. Shi ne Shibusawa Eiichi, wanda ke da hannu a kafuwar kamfanoni kusan 500. Cikin ayyukansa, wanda ya fi shafar kowane mai saye da sayarwa shi ne yadda ya haɗa kan 'yan kasuwa har gwamnati ta koma neman shawararsu.

An haife shi a 1840 a ƙauyen Chiaraijima, cikin garin Fukaya na yau. Iyayensa manoma ne masu hali, suna noman baba, su sarrafa shi su sayar wa marina. A tsarin wancan zamani mayaƙan samurai ne a sama, sai manoma, sai masu sana'ar hannu, ɗan kasuwa kuwa shi ne a ƙarshen layi. Yana matashi ya wakilci mahaifinsa a gaban wakilin mai mulkin yankinsu, aka ɗora wa gidansu kuɗi masu yawa. Da ya nemi a bar shi ya koma ya shawarci mahaifinsa, sai jami'in ya ci masa mutunci. Wannan wulaƙanci bai taɓa barin zuciyarsa ba.

Da fari ya ɗauki hanyar tawaye, har a 1863 shi da abokansa suka shirya ƙona unguwar Turawa a Yokohama, daga baya suka fasa. Ƙaddara ta kai shi hidimar Tokugawa Yoshinobu, wanda ya zama shogun na ƙarshe, wato shugaban mulkin sojan ƙasar. A 1867 aka sa shi cikin ayarin ƙanin shogun zuwa baje kolin duniya a birnin Paris. A can ya ga yadda jama'a ke tara jari su kafa kamfanin hannun jari, ya kuma ga mai banki yana magana da hafsan soja ido da ido, babu durƙuso.

Kafin ya dawo a ƙarshen 1868, mulkin shogun ya rushe, gwamnatin Sarki Meiji ta kama aikin sauya tattalin arziki daga tushe. Ya shiga Ma'aikatar Kuɗi a 1869, ya taimaka wajen tsara dokar bankuna. A 1873 ya ajiye aiki saboda saɓani kan kasafin kuɗi, ya koma tafiyar da bankin Dai-Ichi, bankin zamani na farko a ƙasar.

A lokacin, yarjeniyoyin da Japan ta ƙulla da ƙasashen Yamma tun 1858 sun ɗaure mata hannu, kuma daga 1866 harajin kayan shigowa ya tsaya a wajen kashi 5 cikin ɗari. Kamar yadda Shibusawa ya ba da labari daga baya, da jami'an Japan suka ce ra'ayin jama'a ne ke neman a gyara, sai jakadan Birtaniya Harry Parkes ya ƙalubalance su, ya nuna cewa babu wata majalisa da 'yan kasuwa ke haɗuwa, balle a san ra'ayinsu. Ministoci biyu, Okuma Shigenobu da Ito Hirobumi, suka nemi Shibusawa. A 1878 aka kafa majalisar 'yan kasuwa ta Tokyo, shi ne shugabanta na farko. A shekarar ce kuma Godai Tomoatsu ya kafa irinta a Osaka.

Ke nan buƙatar gwamnati ce ta haifi majalisar, kuma hakan na iya mayar da ita 'yar amshin shata. Shibusawa ya bi da ita ta wata hanya: a tattara bayanan ciniki, a yi muhawara, a cimma matsaya ɗaya, a miƙa wa hukuma a rubuce da hujja. A 1890 aka yi dokar da ta ba irin waɗannan majalisu matsayi a hukumance. Amfanin haɗin kan ya fito fili a harkar auduga. Bayan matsin lambar ƙungiyar masu masana'antun zare da majalisun 'yan kasuwa, an soke harajin fitar da zare a 1894, da na shigo da ɗanyar auduga a 1896, duk da adawar manoman auduga na gida, waɗanda suka kwana ciki. A 1897 zaren da Japan ta fitar ya zarce wanda ta shigo da shi. Cikakken ikon sanya harajin kwastan kuwa sai a 1911 ya dawo hannunta.

A 1901 aka yi masa tayin ministan kuɗi, ya ƙi. Ya ci gaba da shugabancin majalisar Tokyo har 1905, kuma a 1909 ya jagoranci ayarin 'yan kasuwa zuwa Amurka, inda suka gana da Shugaba Taft.

Tarihinsa bai rasa tabo ba. A 1902 bankinsa ya buga takardun kuɗi masu hotonsa a Koriya, a daidai lokacin da Japan ke shirin mamaye ƙasar, abin da 'yan Koriya ba su manta ba.

Ya rasu ranar 11 ga Nuwamban 1931, yana da shekara 91. Majalisar da ya kafa tana nan a Tokyo har gobe, tana kai wa gwamnati koken ƙananan 'yan kasuwa da manya.