Marigayi Ustaz Allauddin Khan, Uban Makaɗan Maihar

An haifi Allauddin Khan wajen shekarar 1862 a ƙauyen Shibpur, wanda yanzu ke cikin ƙasar Bangaladash. Tun yana ƙaramin yaro son kiɗa ya raba shi da gidan mahaifinsa, ya gudu ya bi wata ƙungiyar 'yan wasa masu yawo gari-gari. Daga baya ya isa birnin Kalkata, inda ya fara koyon waƙa a hannun wani malami da ake kira Nulo Gopal. Da annoba ta ɗauke malamin, sai ya koma ga kayan kiɗa. Ya koyi gogen Turawa da sarewa, kana ya tsaya a kan sarod, watau wani irin molo mai tsirkiyoyin ƙarfe.

Abin da yake nema kuwa shi ne ilmin raga, wanda shi ne ginshiƙin kiɗan gargajiya na arewacin Indiya. Matakan sauti bakwai ne makaɗan ƙasar suka sani: Sa, Re, Ga, Ma, Pa, Dha da Ni. Amma sanin matakan kaɗai ba ya ba mutum raga. Kowace raga tana da nata taku, wanda suke kira calan, watau inda za a hau, inda za a sauko, matakin da za a daɗe a kai da wanda za a shafa a wuce. Alal misali, ragar Bhupali da ta Deshkar duk matakai biyar iri ɗaya suke amfani da su, amma Bhupali tana yada zango a kan Ga, Deshkar kuwa a kan Dha. Makaɗin da ya kuskure takun ya fita daga wannan raga ya faɗa waccan.

A wancan zamani gidajen makaɗan fada ne ke riƙe da wannan ilmi, ba su kuwa cika ba da shi ga bare ba. Saboda haka Allauddin ya tafi Rampur wajen Ustaz Wazir Khan, wanda ake danganta gidansu da Tansen, shahararren mawaƙin fadar Sarki Akbar. Ya daɗe yana hidima da haƙuri kafin malamin ya buɗe masa ƙofa.

A shekarar 1918 ya zama makaɗin fadar Sarkin Maihar. A can ya tara marayu ya koya musu kiɗa, ya kuma riƙa karɓar almajirai ba tare da duba asalinsu ba. Hanyar koyarwarsa mai tsanani ce ƙwarai. Almajiri zai saurara, ya maimaita gaɓa ɗaya safe da yamma, har hannunsa ya iya zamewa daga mataki zuwa mataki ba tare da sautin ya yanke ba, kamar yadda muryar mawaƙi ke yi.

Amfanin wannan horo ya bayyana a almajiransa. Ɗansa Ali Akbar Khan ya shahara a sarod, 'yarsa Annapurna Devi a surbahar, Pannalal Ghosh a sarewa, Nikhil Banerjee a sitar. Ravi Shankar, wanda ya zo Maihar a 1938, shi ya kai sitar Turai da Amurka. Kayan kiɗansu daban-daban ne, amma takun raga na gida ɗaya ne.

Gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girma ta Padma Vibhushan a 1971. Allah ya yi masa rasuwa a Maihar ran 6 ga watan Satumba, 1972.