Ɗan Maraya Jos, makaɗin da ba ya buƙatar ayari

An haifi Adamu Wayya a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne. Iyayensa duka biyu sun rasu yana ƙarami, sarkin ya riƙe shi, sunan Ɗan Maraya kuma ya bi shi har abada.

Manyan mawaƙan zamaninsa da ayari suke tafiya, ga 'yan amshi, ga masu kalangu, ga sanƙira, kowa da rabonsa a abin da aka samu. Shi kuwa kuntiginsa ya ishe shi: gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya, sai tsirkiya ɗaya tak. Rashin nauyin kayan nan ya taimaka masa aiki bai yanke ba. Aka kira shi, sai ya ɗauka ya tafi, ko gidan biki ne, ko taron gwamnati, ko gidan rediyo, har ƙasashen waje.

Ya yi wa manya waƙa, gaskiya ne. Amma karen mota ya fara waƙewa har ya yi suna, kuma bai bar sukar auren dole da gulma ba, ko da masu mulki ke zaune a gabansa.

Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015.